Mai Ba Ƙusa Haƙuri

Bayan an idar da sallar isha'i, a wani dare cikin shekarar da aka ce karatun sakandare ya zama kyauta, mutanen layinmu suka fara jin wata ƙara daga bayan katangar makarantar gwamnati. Ba ta yi kama da ƙararrawa ba, ba ta kuma yi kama da ta maƙera ba. Ƙin, ƙin, ƙin, sai shiru, kamar mai bugun ya tsaya jiran amsa. Can sai a ji ƙin guda ɗaya a hankali, irin ta wanda ya ce to shi ke nan, ya wuce.

Kowa ya kawo tasa. Mai shago ya ce ɓarayin kwanon rufi ne. Ladan ya ce wani tsuntsu ne da ke zuwa gabanin ruwa. Makitsiya, wadda ɗakinta ke jingine da katangar, ta rantse aljanun makarantar ne ke bitar lissafi, tunda an ce kyauta ne su ma sun shigo. Mu kuwa masu son abin mamaki ba mu so a gano ba, don ƙarar da ba a san mai ita ba ta fi daɗin sauraro. Mai gadin makarantar ne ya ɓata mana. Da safe ya zo sayen sabulu aka tare shi da tambaya, ya yi dariya har ya dafa kanta.

"Wane irin aljani? Baba Kafinta ne ke ba ƙusa haƙuri."

Wannan Baba Kafinta shi ne ya ajiye aiki a ƙarshen zangon da ya wuce. Shi ne kuma ya kamata a yi wa jinjina tun yana raye yana ji da kunnensa, domin yabon da ake yi wa mutum bayan ƙasa ta rufe shi, gara kaɗai ke ji.

Da ya dawo daga sallar asuba yake saɓa jakarsa ta buhu ya kama hanyar makaranta, kansa a sunkuye. Baƙo ya gan shi zai ce ladabi ne, ko ya ce tsohon ya yar da wani abu. Ƙusa yake nema. A ƙofar masu gini, a bakin kwata, a inda aka fasa akwatin kaya, duk inda ya hango wata ta lanƙwashe zai tsuguna ya ɗauka ya hure mata ƙasa. Iya, maiɗakinsa, ta daɗe da daina yi masa ɗinkin aljihu. Ta ce mutumin da ke ajiye ƙusa a inda mutane ke ajiye goro, allura ba ta da abin da za ta yi masa.

Kafin yara su iso ya zagaye ajujuwa. Zai zauna a kan kowane benci, ya ɗan girgiza, ya karkata kai. Shi a wurinsa gaisuwa ce. Bencin da ya ce ƙiii, sai Baba ya ce da sauransa, ai mai kuka yana da rai. Wanda ya yi gum ba motsi ba ƙara, shi yake juyawa ya duba cikinsa, don irinsu ne ke zubar da yara ba sallama. Marasa lafiyan sai ya jawo su zuwa wani tsohon ɗakin ajiya a bayan ajujuwa, wanda yara suka raɗa wa suna asibiti. A bayan asibitin akwai tsibin karyayyun tebura da bencina, ƙafafu a sama, har ciyawa ta fito a tsakaninsu. Yara suna ce masa maƙabarta. Baba ba ya son sunan nan ko kaɗan. Idan ya ji sai ya gyara wa yaro zance, ya ce ba matattu ba ne, masu jiran gado ne.

A da can aikin bai fi ƙarfinsa ba. Bencin mutum uku, mutum uku ke zama. Ranar da aka buɗe ƙofa aka ce kowa ya kawo ɗansa, sai yara suka kwararo kamar an fasa tulu. Abu ne mai kyau, kuma Baba na cikin waɗanda suka fi kowa murna, domin manyan 'ya'yansa duk a firamare suka tsaya, Auta ce kaɗai wannan ƙofa ta buɗe wa. Amma benci bai ji sanarwa ba. Na mutum uku ya koma ɗaukar shida, na gefe su zauna da rabin jiki, ɗaya rabin yana lilo a iska. Kuɗin gyara da hukuma ke aikowa kan zo kamar ruwan bazara, a ga hadari a ji iska, sai a ga ya zuba a wani gari. Ga doka ta hana a karɓi ko anini a hannun iyaye. Katako dai ana iya tonowa a cikin masu jiran gado. Ƙusa fa?

Nan ne ya samo guntun ƙarfen layin dogo ya ajiye a ƙofar asibiti, don miƙe lanƙwasassun ƙusoshi a kai. Da rana ba ya bugawa, kada ya shiga tsakanin malami da allo. Sai dare ya yi, ya ci abinci, ya koma ya kunna fitila ya zazzage gwangwanin ƙusoshinsa. Mai gadi ya taɓa tambayarsa me ya sa yake magana da su, sai ya ce ƙusa ba ta mutuwa, fushi take yi. An buge ta a ka ba a tambaye ta ba, an gama da ita an yar, ba dole ta juya baya ba? Wadda ta lanƙwashe sau ɗaya, da bugu uku ta huce. Wadda ta yi ƙugiya sai an bi ta gefe-gefe da lallami. Mai tsatsa kuwa sai ta kwana a cikin baƙin man da bakanike ke zubar masa a kwalba. Bugun ƙarshen nan mai taushi da muke ji, ashe shi ne na godiya.

Kai ne, Baba, wanda ya ƙirƙiro kunne. Da ka ga na gefen benci suna faɗuwa, ka buga wa kowane benci ɗan guntun katako dama da hagu, aka sami wurin rabin jikin da ke lilo. Har yau idan yaro ya makara, 'yan ajinsu kan ce masa je ka zauna a kunnen Baba. Kai ne ka bi gida-gida kana roƙon mataccen batir, ka fasa ka daka baƙin cikinsa ka shafe allunan da suka yi fari har alli ya daina fitowa. Malamin lissafi ya shaida cewa shekarar da aka kawo wata yarinya mai rarrafe da hannu, ba wanda ya ce maka komai, da safe aka tarar da ɗan tebur gajere a gaban aji, an goge bakinsa sumul don kada ya ci mata hannu. Mai shara ta shaida cewa ba ka taɓa kankare sunayen da yara ke sassaƙawa a ƙarƙashin tebur ba. Da ta ce ai ɓarna ce, ka ce mata wasunsu wannan ne karo na farko da suka rubuta sunansu ba don an ce su rubuta ba. Guduma mai sulhu, zarto ba ka cin rabon wani.

Amma abin da ya sa layinmu ba zai manta da shi ba, a shekararsa ta ƙarshe ya faru, shekarar da Auta ta kai ajin ƙarshe.

Wani jami'in hukumar jarrabawa ya zo duba makarantar. Mutum ne ƙato, mai farar riga, da tef ɗin awo rataye a wuya, shi ya sa yara suka ce masa Mai Awo. Ya leƙa aji ya ga mutum shida a benci da biyu a kunne. Bai yi faɗa ba. Ya gaya wa shugabar makarantar, wadda kowa ke ce wa Malama Babba, cewa a jarrabawar fita doka ta ce kowane ɗalibi da teburinsa da kujerarsa, da tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Zai dawo kafin a fara. Idan bai tarar da haka ba, za a mayar da ɗaliban wata babbar makaranta a can ɗaya ƙarshen gari, inda sai an shiga mota biyu.

Baba yana bakin taga yana gyaran sakata, ya ji komai. Jarrabawar makonni take ɗauka, wata da sassafe, wata da yamma. Ya san gidajen yaran nan ɗaya bayan ɗaya, ya san nasa gidan. Mota biyu zuwa, mota biyu dawowa, kullum. Wasu iyayen za su ce karatun ya isa haka. Shi ba zai ce ya isa ba, amma aljihun da Iya ta daina ɗinkewa zai faɗa a madadinsa. Shekara shida Auta tana zama a kunne, ga shi an zo bakin gaɓa za a ce ba jirgi. Daren nan mun ji ƙarar ta canza. Ba a yi bugun godiya ba.

Tebura ba su ba shi tsoro ba. Ya shiga cikin masu jiran gado ya zaro dogayen saman tebura ya yanka gida-gida, ya haɗa da tsofaffin ƙofofi da marfin kabad, ya kafa musu ƙafafu. Da ya gama, faffaɗan katako ya ƙare ƙaf. Abin da ya rage a tsibin sai ƙafafu zalla, dogaye da sirara, ba abin da mutum zai ɗora mazauninsa a kai.

Malama Babba ta same shi a asibiti da la'asar, ta cire takalmi ta zauna a kan kututture. Mace ce da idan ta yi tsawa a filin taro har kajin layinmu kan nutsu, amma ranar muryarta ta yi ƙasa. Ta ce ba za ta sake tunkarar iyaye maza ba. Wancan karon da ta nemi taimakon alli, wani uba ya zo har ofis da rediyonsa a hannu yana ɗaga ta sama, yana cewa a cikin nan aka ce kyauta ne, ko ita ta fi rediyo sani? Ta juya wata ƙusa a hannu, can ta ɗago.

"Baba, aro ai ba kuɗi ba ne, ko?"

"Aro aro ne, ranki ya daɗe."

"To ta wajen mata zan bi."

Washegari a filin taro ta ce da 'yan ajin ƙarshe kowa ya je ya gaya wa mahaifiyarsa, ban da mahaifinsa, makaranta na roƙon aron kujera guda ɗaya har a gama jarrabawa. Ita a ranta kujera take nufi, mai ƙafa huɗu dogaye da wurin jingina. Ta manta wa ta aika wa saƙon. Idan ka ce wa uwa kujerarki, abu ɗaya ta sani: 'yar gajeruwar nan ta tsakar gida, wadda take zama a kai ta hura wuta, ta yi wanki, ta yi wa jariri wanka. Yawancin gidajen ma ba su da wata bayan ita, tabarma ce ta baƙi.

Duk wanda ya ga safiyar nan ba zai manta ba. Yara suka ɓullo ta kowane lungu cikin kayan makaranta, kowa da 'yar kujera a ka, kamar jerin tururuwa sun sami gari. Akwai sassaƙaƙƙiya, akwai ta katako, akwai wadda hayaƙi ya mayar baƙa wuluk, akwai wadda zama ya yi wa kwarmi daidai jikin mai ita. Har Makitsiya, da ba ta da ɗa ko jika a makarantar, ta miƙo tata ta kan katanga, mai ƙafa uku, tana ƙyalli da man kitso na shekara da shekaru. Malamin lissafi ya ɗauki ɗaya ya ajiye a gaban tebur ya ce wani dogon yaro ya zauna. Yaron ya zauna, aka neme shi aka rasa, sai tsinin kansa ake hangowa. Malamai suka kwashe da dariya. Malama Babba ita ma ta yi, har ta riƙe ciki, sai dai dariyar ba ta ƙare yadda ta fara ba, ta ja bakin mayafi ta share ido. Ta ce a ba su haƙuri a mayar musu da kayansu, laifinta ne.

Baba bai yi dariya ba. Ya hango Auta da ta Iya a ka, ya karɓa yana juya ta. Ya san ta kamar tafin hannunsa. Ga ƙunar da garwashi ya yi mata shekarar da suka tare a gidan, ga inda Auta ta gwada haƙoranta na fari. Tun da ya san Iya bai taɓa ganin ta ba wani aron kujerar nan ba, ko 'yar'uwarta ta zo sai dai ta kifa mata kwano. Yau ta ɗora wa yarinya a ka ta ce a kai makaranta. Ya ga idan aka mayar, an ce wa matan nan ke nan abin da kuka fi ji da shi bai isa ba. Ya ɗaga kai ya dubi tsibin ƙafafu a bayan asibiti, ya sake duban kujerun da aka jere a rana.

"Ranki ya daɗe, a dakata. Ga masu ƙafa ba mazauni, ga masu mazauni ba ƙafa. Ai aure kawai za a ɗaura."

Haka aka yi. Ya riƙa haɗa ƙafafu huɗu ya ɗaure su da sanduna, ya yi musu baki a sama daidai faɗin kowace kujera, ya ɗora ta ta zauna daram kamar mahayi a kan jaki. Kowace da nata awon, don babu biyu da suka zo ɗaya. Malamin lissafi ya ce a buga ƙusa ta sama a huce, zai fi sauri. Baba ya ƙi. Ya ce kayan aro ba a huda shi, yadda ta zo haka za ta koma, sai dai a matse ta da 'yan katakai ta gefe. Wannan ya ninka aikin, ya kuma ninka ƙusa, ga gwangwani ya kusa ganin gindinsa.

A nan ne layinmu ya shiga. Dalili kuwa ciki ne. Mata sun koma girki a kan kifaffen bokiti da bulo, abinci ya fara makara, maza suka fara tambayar ina kujera ta tafi. Da suka ji, wasu suka yi ta faɗa, wasu suka shiga duba bangon ɗakunansu suna neman ƙusa. Mai shago ya kawo ƙusoshin akwatunan kaya. Ladan ya kawo na tsohuwar ƙofar ɗakin ajiyar tabarmi. Bakanike ya ƙaro baƙin mai. Ran nan bayan isha'i sai ga mutumin nan mai rediyo, ya yi sallama a ƙofar asibiti da ƙusoshi cike da hula. Bai ce komai a kan alli ba, ba wanda ya tuna masa. Ya ajiye rediyon a kan taga tana ta labarai, ya karɓi ƙaramar guduma. Baba ya ce daga baya bai taɓa ganin mai ba da haƙuri da faɗa irinsa ba, duk wadda ya taɓa sai ta ƙara fushi, amma ya bar shi, don shi ma haƙurin yake bayarwa ta hanyar da ya iya.

Makitsiya kuwa ta koma kitso a tsaye, kuma ba ta bar Baba ya sha ruwa ba. Kullum da safe sai ta leƙo ta kan katanga.

"Baba waliyyi, an ɗaura auren tawa kuwa? Ka dai duba mata miji mai ƙafa, kada ka haɗa ta da gurgu, ita ma ukun gare ta."

"Ke dai tanadi kayan ɗaki," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Ranar da Mai Awo ya dawo, an share babban ɗakin taro an jera komai layi-layi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Ɗakin gaba ɗaya ƙamshin hayaƙin murhu yake yi. Malama Babba tana gefensa ta harɗe hannu, Baba yana can baya jikin bango ya ɓoye guduma a bayansa kamar wanda aka kama da ita. Mai Awo ya zare tef ya auna tsayi, ya auna tazara, ya girgiza wannan ya girgiza waccan. Daga nan ya bi layi yana dubawa har ya zaɓo wadda ta fi kowace muni, mai ƙafa uku a sama huɗu a ƙasa, ta Makitsiya. Ya tattara riga ya zauna da dukan nauyinsa.

Ta ce ƙiii.

Malama Babba ta runtse ido. Baba kuwa a ransa ya ce alhamdu lillahi, mai kuka tana da rai. Mai Awo ya karkata dama, ya karkata hagu, ya ɗora gwiwar hannu a tebur kamar mai rubutu. Ba abin da ya motsa. Ya shafa gefen kujerar da yatsa ya shinshina, sai aka ga fuskarsa ta saki. Ya ce rabonsa da zama a kan irin wannan tun yana yaro, idan mahaifiyarsa ta tashi ɗauko gishiri ya yi wuf ya haye, ta dawo ta kore shi da mafici.

"Doka ta ce kujera," in ji shi. "Ba ta ce wace iri ba. Bana kun tsira. Amma na ga 'yan ajin da ke biye, sun fi waɗannan yawa. Baɗi fa?"

Ya sa hannu a takardarsa, ya yi sallama ya juya. A bayan farar rigar nan ga tambarin man kitso, da'ira cikakkiya kamar wata daren sha huɗu. Malamai suka gani, mai gadi ya gani, yara suka gani ta taga. Aka raka shi har mota cikin girmamawa, kowa ya cije leɓe, ba a saki dariya ba sai da ƙurar motar ta kwanta.

An yi jarrabawa a makarantarmu. Da lamba ake zama, saboda haka Auta ba ta sami ta Iya ba, ta wata mata ta samu daga can bayan kasuwa, ta Iya kuma wani yaro ne da ba mu san gidansu ba ya zauna a kai. Kowane ɗalibi ya rubuta jarrabawarsa a kan kujerar uwar wani. Masu tsaron jarrabawa sun ce ba su taɓa ganin ɗaki mai nutsuwa irin wannan ba, kuma wa zai yi mamaki? Yaro ba ya rashin kunya a inda yake jin ƙamshin murhu. Ranar ƙarshe Auta ta fito da tawada a yatsa ta wuce kai tsaye asibiti, ta tsuguna ta ce, Baba, na gama. Mai gadi ya ce tsohon ya juya baya yana ta neman wani abu a cikin gwangwanin da ba komai a ciki. Sakamako yana hannun Allah da masu dubawa, amma zama dai an zauna, rubutu an rubuta.

Kujeru suka koma gidajensu ba huji ko ɗaya. Ba a rubuta sunan kowa a jiki ba, ba a kuma yi musaya ba, kowace mace daga nesa take nuna tata. Makitsiya ce kaɗai ta kawo rikici. Ta zauna a kan tata tun tana bisa ƙafafun, ta ji yadda kan mai kitso zai zo mata daidai ƙirji ba sai ta sunkuya ba, ta ce wallahi auren nan ba saki. Ta kinkime su gaba ɗaya ta yi gida, ta ce baɗi a zo aro.

A taron sallama malamai suka haɗu suka ba Baba kyautar kujerar roba, fara, mai hannu. Ya zagaye ta, ya kifa ta, ya duba ciki da waje bai ga ƙusa ko ɗaya ba. Ya yi godiya sosai, amma an ji shi yana tambayar mai gadi a hankali, wannan idan ta yi fushi ta ina ake ba ta haƙuri? Hukuma ta ce ba a ɗaukar sabon kafinta yanzu, sai an ga hali. Baba ya rataye gudumarsa a ƙusar bayan ƙofar asibiti, ya bar guntun ƙarfen dogo a inda yake, ya miƙa wa Malama Babba makulli.

Mun gode, Baba. Kai ne ka nuna mana cewa abin da aka ce kyauta ne, akwai wanda ke biyansa da bayansa da idonsa da barcinsa, sai dai ba a faɗin sunansa a rediyo. Ana ta kokawa a kan kujera a duniyar nan, kai ka yi ta yin kujeru kana ba 'ya'yan mutane, kana aiki a tsugune. Allah ya huta da gajiyarka, ya sa Auta ta share maka hawaye, ya ba Iya ladan aljihunan da ta ɗinka kafin ta gaji. Mu kuma da muka rage, ba sai mun iya zarto ba. Wanda ya ga ƙusa a hanya ya ɗauka. Wanda ke da tsohuwar ƙofa a jingine tana ciyar da gara ya san inda ake jiranta. Wanda aka ce ya ara, ya ba da wadda yake zama a kai, kamar yadda matan layinmu suka yi.

Bayan ya ajiye aiki, dare ya yi mana wani iri. Shekara da shekaru da ƙarar nan muke barci, da ta ɗauke sai muka riƙa juyi a shimfiɗa. Muka koma taruwa a ƙofar gidan Baba bayan isha'i, shi a kan kujerar robarsa, zaune a ɗofane don har yanzu bai yarda da ita ba. Ran nan ana cikin hira, Iya ta kawo ruwa, Makitsiya tana ba da labarin tambarin Mai Awo karo na ba adadi, sai muka ji ta daga bayan katanga.

Ƙin. Ƙin, ƙin. Ƙwal.

Bugun ba tsari, irin na sabon hannu. Aka yi shiru, aka sake, sai ƙarar ƙusa ta yi tsalle ta bugi kwano, sai wata murya ta ce wash, muryar da kajin layinmu ma sun sani. Auta ta toshe baki da mayafi. Baba ya karkata kai kamar yadda yake yi wa benci, leɓensa yana motsi, yana cewa gefe-gefe, ranki ya daɗe, gefe-gefe. Can aka ji uku a jere, sannan guda ɗaya mai taushi.

Makitsiya ta dubi Baba, ta dubi hannayensa biyu a kan gwiwa, ta dubi katanga.

"Ikon Allah. Ga Baba nan a zaune. To wa ke ba ƙusa haƙuri a can?"